Yadda Ake Gasa Dankalin Hausa da Kayan Ƙamshi Irin na Bikin Godiya a Amurka

A ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba na kowace shekara, mutanen Amurka suna yin bikin da suke kira Thanksgiving, wato ranar nuna godiya, inda dangi ke haɗuwa a gida ɗaya su ci abinci tare a ƙarshen kaka. Shugaba Abraham Lincoln ne ya ayyana ta a matsayin ranar ƙasa a shekarar 1863, sannan majalisar dokokin ƙasar ta tsayar da ita a Alhamis ta huɗu a shekarar 1941. Maƙwabciyarsu Kanada kuwa tana yin nata bikin a Litinin ta biyu a watan Oktoba. Gasasshen talotalo shi ne babban abincin wannan rana, amma a gefensa, musamman a jihohin kudu da kuma gidajen baƙaƙen fata, da wuya a rasa kwanon dankali mai zaƙi, wanda mu muke kira dankalin Hausa, an gasa shi da bota da sukari da kirfa har ya yi ja yana sheƙi.

Mu da muka saba cin dankali dafaffe da mai da yaji, ko da ƙuliƙuli, ko soyayye da safe, za mu iya ganin baƙon abu ne a haɗa shi da sukari a ajiye kusa da nama. Gaskiyar magana ita ce yawancin masu yin wannan girki suna zuba sukari har ya wuce ƙima, abin ya tashi daga mahaɗin nama ya koma alewa, mutum ya ci cokali biyu ya gundure shi. A ganina wannan asarar dankali ce. Dankalin Hausa yana ɗauke da zaƙinsa a jikinsa, kuma aikin uwargida shi ne ta fito da wannan zaƙi ta hanyar sarrafa wuta, sannan ta tare shi da gishiri da citta da ɗan tsami don kada ya yi wa baki yawa. A kan wannan ra'ayi na gina duk matakan da ke tafe.

Abu na farko shi ne zaɓen dankalin. Wanda Amurkawa suke amfani da shi mai jan ciki ne, launinsa kamar na karas, yana da laushi da ruwa-ruwa idan ya nuna. Jihar North Carolina ce ta fi kowace jiha noma shi, kuma daga cikin irin da suka yi suna akwai Beauregard, wanda jami'ar jihar Louisiana ta fitar a 1987, da Covington wanda ya fito daga North Carolina. Idan kina zaune a can, za ki ga a kanti an rubuta masa suna yam, kalmar da a Turancin ƙasashenmu take nufin doya. Kada wannan ya ruɗe ki, domin ba doya ba ce, dankali ne, manoman Louisiana ne suka yayata sunan a shekarun 1930 don su bambanta nasu mai jan ciki da fararen da aka saba da su. A kasuwannin Najeriya da Nijar fari da mai ruwan ɗorawa sun fi yawa, ko da yake mai jan cikin ya fara samuwa saboda ƙoƙarin da ake yi na yaɗa shi, kasancewar yana da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Duk wanda kika samu zai yi, sai dai farin ya fi gari da ƙarancin ruwa, don haka akwai gyaran da za a yi masa, kuma zan faɗe shi a inda ya dace.

Ki zaɓi matsakaita masu kauri kusan ɗaya, masu tauri da santsin bawo. Ki guji wanda ƙwaro ya huda ko mai baƙin tabo da ya nutsa ciki, domin ɗacinsa yana bin sauran, kuma babu yawan sukarin da zai ɓoye shi. Dankalin da aka haƙo jiya ba shi da zaƙi sosai, shi ya sa manoman Amurka suke ajiye shi kimanin mako guda a ɗaki mai ɗumi da laima kafin su kai kasuwa. Idan sabon haƙa kika saya, ki baza shi a inuwa inda iska ke ratsawa na mako ɗaya ko biyu. Kada ki saka ɗanyen dankali a firij, sanyi yana sa tsakiyarsa ta yi tauri ta ƙi nuna.

Ga abin da za ki tanada don mutum takwas. Dankali kilo ɗaya da rabi, wato matsakaita biyar ko shida. Bota giram 60, kimanin babban cokali huɗu, ko man shanu soyayye babban cokali uku. Mazarƙwaila giram 60, ko sukari mai ruwan ƙasa na kanti daidai wannan awo. Ruwan lemon zaƙi rabin kofi, wato mililita 120, wanda kika matse da kanki. Ɗanyar citta da aka kankare aka goga, babban cokali ɗaya. Garin kirfa ƙaramin cokali ɗaya. Gyaɗar ƙamshi gogaggiya, kashi ɗaya cikin huɗu na ƙaramin cokali. Kanumfari ƙwaya uku. Masoro ƙwaya kamar takwas. Dakakken barkono abin da yatsu biyu za su ɗebo. Gishiri ƙaramin cokali ɗaya. Lemon tsami guda ɗaya. Sai rabin kofi na gyaɗar pekan, wadda ita ce Amurkawa suke barbaɗawa, ko soyayyiyar gyaɗarmu wadda aka murje bawonta.

Zan ɗan tsaya a kan kayan ƙamshin, domin a nan girkin yake gyaruwa ko ya lalace. Kirfa da gyaɗar ƙamshi da kanumfari da citta su ne haɗin da Amurkawa suka ɗauka a matsayin ƙamshin kaka, kuma duk huɗun suna nan a teburin mai kayan yaji a kowace kasuwa tamu. Masoro da barkono ƙarin kaina ne, kuma ina ba da shawarar kada a bar su, saboda ɗan zafin da suke bari a ƙarshen harshe shi ne yake tuna wa mai ci cewa abin da ke gabansa abokin nama ne. Kanumfari kuwa ƙarfinsa ya fi girmansa nesa ba kusa ba. Ƙwaya uku sun isa kilo ɗaya da rabi, idan kika kai shida sai ya danne kirfar da cittar gaba ɗaya, ya bar baki da ɗanɗanon magani. Ki ɗora busasshen kasko a wuta kaɗan, ki zuba kanumfarin da masoron ki jujjuya su na minti ɗaya har ƙamshinsu ya tashi, sannan ki daka su a ƙaramin turmi su yi laushi. Gyaɗar ƙamshin ki goga ta a lokacin da za ki yi amfani da ita, domin garinta na gwangwani yana saurin rasa ƙarfi. Ɗanyar citta ta fi busasshiya dacewa a nan saboda ruwanta yana shiga cikin haɗin, amma idan busasshiyar ce a hannu, ƙaramin cokali ɗaya na garinta ya wadatar.

Mataki na gaba shi ne gyaran dankalin. Ki wanke shi tas tun kafin ki sa masa wuƙa, ki fere, ki yanke kai da gindi inda jijiyoyi suka fi yawa. Ki yanka shi fale-fale a kewaye, kaurin kowane yanki kimanin santimita biyu, wato kamar kaurin babban yatsa. Wanda ya cika faɗi ki raba shi biyu. Daidaita kauri ba ado ba ne, domin idan wani ya fi wani, siririn zai narke ya koma fate tun mai kaurin bai nuna ba. Idan farin dankali ne, ki rage kaurin zuwa santimita ɗaya da rabi, kuma ki riƙa jefa shi a ruwa kina yanka saboda yana saurin yin baƙi idan iska ta buge shi. Kafin a haɗa, ki tsane shi a matsami ki goge da tsabtataccen ƙyalle, domin ruwan da ya rage a jikinsa zai tsinka haɗin.

Sai haɗa ruwan zaƙin. Ki kankare mazarƙwailar da wuƙa ko ki daddaka ta, ki zuba a ƙaramar tukunya tare da ruwan lemon zaƙin, ki ɗora a wuta kaɗan har ta narke. Mazarƙwaila takan zo da ɗan yashi ko ɓawon rake, saboda haka ki tace ta da rariya mai ƙananan ido ki mayar tukunya. Yanzu ki saka botar, da cittar, da kirfar, da gyaɗar ƙamshin, da dakakken kanumfari da masoro, da barkono da gishiri. Ki bar shi ya tafasa a hankali na minti uku kina juyawa, har mai da ruwan su haɗu su zama abu ɗaya. Ba a son ya yi kauri a wannan mataki, kaurinsa zai zo a cikin obin. Ki ɗanɗana: ya kamata ki ji gishirin a fili, har ki yi zaton ya ɗan yi yawa, domin dankalin zai shanye shi. Mai amfani da farin dankali ta ƙara ruwa zalla babban cokali huɗu a wannan haɗi. Lemon tsamin kuma ki ajiye shi a gefe, ba yanzu ne lokacinsa ba.

Ki shafa ɗan bota a farantin gashi mai ɗan zurfi, na tangaran ko na ƙarfe, mai faɗin da zai ɗauki dankalin ba tare da an tula shi ba. Wanda aka fi samu a gidajen Amurka shi ne mai inci 9 da 13, wato kusan santimita 23 da 33, kuma shi ne daidai wannan awo. Ki jera yankan dankalin kowane ya ɗan hau gefen ɗan'uwansa, ki kwarara ruwan zaƙin a kai ya taɓa kowane yanki, sannan ki rufe farantin da takardar foyil ki danne gefunan sosai don kada tururi ya fita.

Yanzu muka zo kan wuta, wadda ita ce gaba ɗayan sirrin. A cikin dankali akwai wani sinadari da masana ke kira beta-amilas, wanda aikinsa shi ne ya farfasa sitacin dankalin ya mayar da shi sukarin maltos. Wannan sinadari yana aiki ne lokacin da zafin cikin dankalin yake tsakanin digiri 57 da 77 a ma'aunin Selsiyos, kuma da zarar zafin ya wuce haka sai ya daina aiki. Ma'anar wannan a kicin ita ce: dankalin da aka jefa a tafasasshen ruwa ko a obin mai tsananin zafi yana ratsa wannan mataki da gudu, sitacinsa bai samu lokacin juyewa ba, shi kuwa wanda zafi ya shige shi sannu a hankali yana fitowa da zaƙi mai yawa ba tare da an ƙara masa komai ba. Duk wanda ya taɓa cin dankalin da aka binne a toka mai ɗumi ya san wannan zaƙin, ko da bai san dalilinsa ba.

Don haka kada ki kunna obin tun da wuri. Ki saka rufaffen farantin a obin mai sanyi, sannan ki kunna shi a digiri 150, wato 300 a ma'aunin Farenhait da obin ɗin Amurka ke amfani da shi, ki bar shi minti 35 ba tare da kin buɗe ba. Idan farantin tangaran ne, wannan hanya ta ma fi masa lafiya, tun da zafi ba zai buge shi farat ɗaya ba. Bayan minti 35 ki fito da shi, ki ɗaga foyil ɗin daga gefen da ke nesa da ke don tururin kada ya ƙone miki hannu, ki soka ƙaramar wuƙa a yanki mafi kauri. Ya kamata ta shiga da ɗan turjiya a tsakiya. Idan har yanzu yana da tauri kamar ɗanye, ki mayar da murfin ki ƙara masa minti goma.

Daga nan ki cire foyil ɗin gaba ɗaya, ki ƙara wuta zuwa digiri 200, wato 400 na Farenhait, ki mayar da farantin a buɗe. Wannan zagaye na biyu zai ɗauki minti 30 zuwa 35, kuma a cikinsa ne ruwan zai ƙafe ya zama kamar zuma, gefunan dankalin su yi ja. Duk bayan minti goma ki jawo farantin, ki ɗan karkata shi, ki ɗebi ruwan da ya taru a kusurwa da cokali ki riƙa zubawa a kan dankalin. Kada ki juya shi da ludayi, domin ya riga ya yi laushi kuma zai farfashe. Ki sa ido sosai a minti goma na ƙarshe, saboda tsakanin sukari mai ja da ƙonanne tazarar kaɗan ce, kuma ƙonanne ɗaci yake yi. Idan kika ga ƙasan farantin ya bushe tun dankalin bai gama ba, ki zuba ruwan zafi babban cokali biyu ta gefe. Alamar ya yi ita ce wuƙa ta shige ba turjiya, kuma idan kika ja cokali a ƙasan farantin ruwan ya bar hanya na ɗan lokaci kafin ya sake haɗewa.

Kafin ya gama, ki soya pekan ɗin a busasshen kasko na minti huɗu ko biyar kina juyawa, ki daddatsa shi manya-manya. Idan gyaɗa ce, ki ɗan ɓarza ta a turmi kada ta zama gari. Da fitowar farantin, ki matse lemon tsami kimanin babban cokali ɗaya a kai, ki barbaɗa gyaɗar, ki bar shi ya huta minti goma kafin a kai teburi. Dalilin jinkirta lemon tsamin shi ne doguwar wuta tana kashe masa ƙamshi, kuma tsami mai yawa tun daga farko yana hana dankali saurin laushi. Hutun kuma yana ba ruwan damar kama jikin dankalin.

Za ki ga a hotunan wannan girki an lulluɓe samansa da wata farar alewa mai laushi da ake kira mashmalo, an gasa ta ta yi ja. Ni ba na saka ta, domin zaƙin ya riga ya isa. Wadda take son gwadawa ta karanta jikin leda da kyau, saboda yawancin mashmalo da ake sayarwa a kantunan Amurka ana yin sa da jelatin na alade, sai dai a nemi wanda aka rubuta masa halal. Haka nan wasu gidajen suna zuba barasar da ake kira burbon a cikin ruwan zaƙin, kuma ruwan banila na kwalba da ake yawan ɗigawa da barasa ake jiƙa shi. Idan an gayyace ki irin wannan biki, babu laifi ki tambayi uwar gidan abin da ta saka, kuma wannan yana daga cikin dalilan da suka sa ya fi sauƙi ki ce ke za ki kawo kwanon dankalin, tun da al'adar bikin ce kowane baƙo ya zo da wani abu a hannu.

Wadda ba ta da obin ba ta rasa hanya ba. Ki samu faffaɗar tukunya mai kaurin gindi, ki jera dankalin bai wuce hawa biyu ba, ki zuba ruwan zaƙin tare da ƙarin ruwa kashi ɗaya cikin huɗu na kofi, ki rufe ruf, ki ɗora a wuta mafi ƙanƙanta na minti 25 zuwa 30. Idan gawayi ne, ki rage garwashin ki rufe wani sashe da toka. Bayan ya yi laushi ki buɗe, ki ɗan ƙara wuta, ki riƙa ɗebo ruwan kina zubawa a kai kina girgiza tukunyar a hankali har ya yi kauri, abin da zai ɗauki kamar minti goma. Idan kina son saman ya yi ja irin na obin, ki mayar da murfin ƙarfe ki zuba garwashi a kansa na minti biyar zuwa takwas, kamar yadda ake yi wa kek a gida.

A ranar bikin obin ɗaya ne kowa yake jira, kuma talotalo yakan riƙe shi awa uku ko fiye. Mafita ita ce ki yi zagayen farko, wato na rufe, tun ana gobe biki, ki bar shi ya huce, ki rufe ki saka a firij. Washegari ki fito da shi rabin awa kafin lokaci don sanyin ya sake shi. Talotalo yana bukatar hutun kimanin minti 30 bayan an fito da shi kafin a yanka, kuma wannan tazara ita ce kusan lokacin da zagaye na biyu yake bukata, sai dai a ƙara masa kamar minti biyar tun da daga sanyi ya taso. Ta haka nama da dankali za su iso teburi tare da zafinsu.

Bayan talotalo, wannan dankali yana tafiya da gasasshiyar kaza, da gasasshen naman rago, da duk naman da aka yi wa yaji sosai, kuma yana son a ajiye ganye kusa da shi. A kudancin Amurka dafaffen ganyen kolad suke haɗawa, wanda ɗan'uwan kabeji ne, mu kuma alayyaho da aka soya sama-sama da albasa zai tsaya a madadinsa. Yanka uku ko huɗu sun ishi mutum ɗaya, kuma mai ciwon sukari ya kamata ya rage fiye da haka, domin doguwar gashin da ta ƙara masa daɗi ita ce kuma ta ƙara masa sukari. Abin da ya rage kada ya wuce awa biyu a waje. Ki juye shi a mazubi mai murfi ki saka a firij, zai kai kwana uku zuwa huɗu. Idan za ki ɗumama, ki yayyafa masa ruwa babban cokali ɗaya, ki rufe, ki saka a obin mai digiri 175 na minti 15, ko a kasko a wuta kaɗan, sannan ki sake barbaɗa sabuwar gyaɗa, domin ta jiya ta riga ta sha ruwa ta yi laushi.